Gaisuwar da Aka Yi Mini a Hanyar Bibemi

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina dillancin shanu a Garwa, kuma ban taɓa mallakar garke nawa na kaina ba. Suna kawai na mallaka. Bafulatani zai taso daga daji da bijimai goma, bai san mahauci ko ɗaya a gari ba, ya tambayi gidana, ya sauka a zaurena, ya damƙa mini dabbobinsa ya je ya kwanta. Mahauci kuma zai karɓi sa a hannuna ba tare da ya tambayi inda aka samo shi ba, don ya san ba na taɓa na sata. Kakana daga ƙasar Katsina ya zo da fatauci. Mahaifina fawa ya yi har ya mutu, bai bar mini komai ba sai wuƙaƙe, ni kuwa da sayar da kayan ciki na fara. Duk wanda ya taso ta wannan hanya ya san cewa in sunan dillali ya ɓaci a tike, wato kasuwar shanu, ba shi da sauran abin sayarwa.

Mutumin da zan ba da labarinsa ba zan rubuta sunansa ba, ko na yanka ko wanda daji ya ba shi daga baya. Yana da dangi da rai.

Ya zo gidana shekarar da ciwo ya share garkuna bayan fari. Ya kai shekara ashirin da biyar, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa. Shanun ubansa sun ƙare ƙaf. Na sa shi cikin masu koro mini dabbobi daga kasuwannin wajen Bibemi zuwa Garwa, tafiyar kwana biyu ko uku a ƙasa. Shekara shida ya yi mini wannan aiki, ko maraƙi bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ba ya cin abinci a gabana. In an fito da tuwo sai ya ɗauki kwanonsa ya zagaya bayan zaure, ya ba bango fuska. Matata takan ƙara masa miya ba tare da ya nema ba, don ta gane ko yunwa za ta kashe shi ba zai buɗe baki ba. Yana da wata tsohuwar bindigar toka ta kawunsa, yana harbin zabi da ita a hanya, kuma abokan tafiyarsa sun ce ba su taɓa ganin ya yi kuskure ba. Amma ranar da ƙaya ta rure masa a ƙafa na kai shi asibiti, sai da mutum uku suka danne shi kafin a yi masa allura.

Wata rana bayan la'asar ya zo ya tsuguna a bakin tabarmata.

"Maigida, zan tafi."

"Ina?"

"Gabas."

"Wa ya yi maka laifi?"

"Babu. Na gaji da kallon wutsiyar shanun mutane."

Ban tsare shi ba. Na ba shi riga sabuwa, na yi masa addu'a, ya tafi.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Aka karya darajar kuɗinmu na sefa, ma'aikata suka rage cin nama, bindigogin yaƙin Cadi suka tsallako suka cika daji. Sai hanyoyi suka lalace. A nan muna ce wa 'yan fashin hanya zargina, kuma ba wanda suka fi so kamar mu 'yan tike, domin kowa ya san mai tafiya sayen shanu da kuɗinsa yake tafiya, a cikin lalita, ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga. Cikin shugabanninsu aka fara maganar wani dogo da ba ya ɓuya bayan itace, a tsakiyar hanya yake tsayawa. Aka ce harsashi yana zama ruwa a jikinsa. Aka ce ya taɓa harbe madubin wata babbar mota tana gudu, don kawai direba ya san da wa yake magana. Aka ce ranar Juma'a ba ya fita aiki. Ina jin waɗannan labarai a rumfar dillalai ina tauna goro, ban kawo kowa a raina ba.

Ranar da muka haɗu, lokacin kaka ne, ciyawa ta fi mutum tsayi. Mu goma sha takwas ne a motar haya, kusan duka 'yan tike, za mu kasuwa wajen Bibemi. Da hantsi, bayan mun wuce wata ƙaramar gada, muka ga gungumen itace a kwance a hanya. Aka yi harbi biyu sama. Aka fito da mu aka kwantar rub da ciki a gefen titi. Su bakwai ne, fuskokinsu a naɗe da rawani. Ba sa tambayar kowa komai, wuƙa suke sawa su yanke lalita su wuce na gaba. Wani da ya ɗinke kuɗinsa cikin wando na biyu, suka tuɓe shi, suka yi masa dukan ɓata musu lokaci.

Ina kwance ina jin takalma suna matsowa. Suka tsaya a kaina. Sai na ga ta gefen ido mutum ya cire takalmansa ya ajiye gefe guda, ya tsuguna.

"Maigida, an kwana lafiya?"

Na san muryar tun kafin ya gama.

"Lafiya lau," na ce, bakina da ƙasa.

"Ya gida? Ya Hajiya? Ya yara?"

"Duk lafiya."

"Ya gajiya?"

"Babu gajiya."

Ya ɗaga ni da hannu biyu, ya kakkaɓe mini hula, ya kai ni gindin wata bishiya ya zaunar. Ya miƙo mini gorar ruwa. Mutum goma sha bakwai suna kwance cikin rana, kunnuwansu a buɗe.

Na rage murya na ce, "Ka yanki lalitar nan."

"Haba, Maigida."

"Na ce ka yanka. Mutane suna ji."

"Shekara shida ina cin tuwonka," ya ce, kuma bai rage tasa muryar ba.

Da suka gama suka shige ciyawa. Muka janye itacen muka koma mota muka juyo gida, tunda ba sauran abin da za a je yi kasuwa. Muka yi ta tafiya har muka kusa gadar Binuwai. Nan wani tsohon dillali da ke kusa da ni ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Alhaji, ashe kana da manyan yara." Ba wanda ya yi dariya. A tasha na buɗe lalitata na ce kowa ya karɓi abin da zai kai shi gida. Wasu suka karɓa, wasu suka ce sun gode.

Da farko abin wasa ya zama. Direbobi suna rububina a tasha, kowa yana cewa, "Alhaji, gidan gaba naka ne, kyauta." In na shigo tike mahauta su ce, "Ku ba da hanya, ga maganin zargina ya iso." Ni ma ina taya su dariya. Amma akwai abin da na lura da shi. A sana'armu ranar tafiya asiri ce. Mutum ba ya gaya wa ko matarsa sai ya ɗaura lalita, sai dai abokan da ya yarda da su, don a haɗu a cika mota ɗaya. Kowa ya san zargina suna da kunne a tike, kuma ba wanda ya san kunnen wa ne. Sai na ga in na doso rumfa ana maganar wa zai tafi yaushe, maganar takan koma ta tsadar dusa.

Bayan wata biyu abin ya daina zama wasa. Wata rana na riga na shiga mota na zauna, sai aka aiko cewa baƙona ya iso da shanu, ɗaya ya karye a ƙafa, dole a yanka shi kafin ya lalace. Na sauka. Motar nan aka tare. Wani mahauci, magidanci mai 'ya'ya uku, ya tsorata ya tashi da gudu, aka harbe shi a baya. Da na je zaman makoki na miƙa wa wansa hannu, ya dubi hannun, ya ci gaba da jan carbi.

Sarkin tike, tsoho ne da ya san mahaifina, ya kira ni bayan rumfa.

"Alhaji, ni na san ka."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Kada ka yi saurin godiya. Na ce ni na san ka. Ni kaɗai ne, kuma na tsufa. Jandarma sun zo sau biyu suna tambayar inda gidanka yake."

"Me kake so in yi? In rantse da Alƙur'ani?"

"Wanda ake zargi da wannan, rantsuwa ba za ta yi masa wuya ba. Haka za su ce."

Zaurena ya bushe. Fulanin da suka shekara goma suna sauka wurina suka koma gidan wasu, in mun haɗu su gaishe ni da kyau su wuce. Mahauta suka fara duba kunnen duk san da na kawo, suna neman tsagar wani garke. Ina da baki tara da nake ciyarwa a gida. Kuma lokacin in jandarma, wato jami'an tsaro, suka zo suka tafi da mutum a kan zargin haɗa baki da zargina, iyalinsa ba sa sanin ƙofar da za su je su tsaya. Na yi rani guda ina kallon sunana yana zubewa, ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kai ni ƙara, saboda haka ba inda zan je in kare kaina.

Tsohon yaron nawa yana da goggo, wata tsohuwa mai tallar nono da takan shigo unguwarmu. Na tare ta a ƙofar gida na ce, "Ki gaya masa maigidansa yana son ganinsa." Ta ce ita rabonta da shi tun kafin a haifi jikanta na fari, ba ta san ko yana raye ba. Bayan kwana goma ta dawo, tana auna wa matata nono ta ce, kamar da ƙwarya take magana, "Talata bayan azahar. A sauka a ƙaramar gada, a bi mayo gabas."

Mayo shi ne rafi, kuma lokacin ya ƙafe, sai yashi. Na yi tafiyar kusan awa guda a cikinsa. Na same shi a gindin tsamiya shi kaɗai, ko da yake na san akwai idanu a bayan kowace duhuwa. Fuskarsa a buɗe. Ya rame, haƙoransa sun lalace, yana tari irin na wanda ya daɗe yana kwana a raɓa. Layu da guraye sun rufe masa ƙirji da damatsa, in ya motsa suna ƙara kamar busasshiyar ƙwarya. Bindiga tana jingine da itace. Ya tashi ya cire takalma ya tsuguna ya gaishe ni tun daga farko har ƙarshe, sannan ya zuba mini shayi.

Na ce, "Ka kashe ni."

"Ni? Ko gashinka ban taɓa ba."

"Shi ne kisan."

Na gaya masa komai: rumfa, zaure, jandarma, hannun da aka ƙi karɓa. Yana saurare yana zane a yashi da tsinke.

"To me kake so?"

"Ka sake tare ni, a gaban mutane. Ka kwashe abin da ke jikina, ka dake ni kamar kowa. In da hali ma ka ƙara."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kaɗo dai kaɗo ne. Har duka sai ya zo ya yi cinikinsa."

"Ɗan Fulani, da ba ka kawo kunyarka bakin titi ba, da ban taka yashin nan ba."

Ya daina dariya. Ya dafa layun ƙirjinsa.

"Wanda ya yi mini wannan aiki sharaɗi ɗaya ya gindaya mini. Duk wanda na ci abincinsa, kada hannuna ya taɓa shi da mugunta. Ranar da na yi, komai ya warware."

"Ashe ba don Allah ka bar ni ba."

"Don duka biyun."

"To ka sa mutanenka su yi."

"Bakina ma hannuna ne. Kuma wa zai yarda? In ba ni na yi da kaina ba, za a ce wasa muka shirya. Ka fi ni sanin 'yan tike."

Gaskiya ya faɗa. Na sha shayin na ce, "Kai ka yarda ƙarfe ba ya cin ka?"

"Sau huɗu ana harbina, ga ni zaune."

"Ko dai maharban ne ba su iya ba."

"Ko ma mene ne. Mutanena sun yarda. Saboda shi suke bina, saboda shi ba wanda ya taɓa tunanin sayar da ni."

Na ce masa mahaucin da aka harbe ya bar 'ya'ya uku. Ya ce, "Na ce kowa ya kwanta. Ya tashi." Haka ya faɗe shi, kamar mai ba da labarin san da ya fita daga layi. Na rubuta wannan don kada wani ya karanta labarin nan ya ɗauka mutumin kirki nake wa kuka. Ya kashe mutane, wasu na san su, kuma ban ga alamar suna hana shi barci ba. Abin da ke hana shi barci daban ne. Ya ce shekara biyar bai kwana wuri ɗaya sau biyu a jere ba. Ya ce yanzu yana da shanun da suka fi na ubansa, suna hannun mutane a ƙetaren iyaka, bai taɓa tatsar ko ɗaya ba, wasu ma bai san kalarsu ba.

Rana ta fara karkata. Na ga zai sallame ni da haƙuri, sai na faɗi abin da na taho da shi tun daga gida.

"Tuwon nan da kake ta ambata, da sunana aka saye shi. Ba gona gare ni ba. Ka ci shekara shida, ka tashi ka fasa tukunyar."

Ya jefar da tsinken. Daga baya ya ce, "Ka gaida Hajiya." Na tashi na kamo hanya.

Ni ban yarda laya tana mai da harsashi ruwa ba, ko a lokacin. Saboda haka a hanyar dawowa na gaya wa kaina cewa ban roƙe shi komai ba sai 'yar wahala. Amma ni dillali ne. Na san darajar abu tana wurin abin da masu kallo suka yarda da shi, kuma ya gaya mini da bakinsa abin da ke riƙe da mutanensa. Na ji, na gane, kuma ban janye maganata ba.

Na koma bin kowace kasuwa, ko ba ni da abin saye. Sati biyar ba abin da ya faru. A na shida, da safe, a wani kwari da bai kai gadar ba, muka ga itace a hanya. Cikin waɗanda ke motar har da wan mahaucin da aka kashe, a kujerar baya, bai gaishe ni ba tun daga tasha.

Aka kwantar da mu. Takalma suka zo suka tsaya a kaina, kuma wannan karon ba a cire su ba. Ya damƙi wuyan rigata ya ɗaga ni tsaye, ya juya ni inda kowa zai gani.

"Ku ɗaga kai ku duba," ya ce. "Wannan ne ya bautar da ni shekara shida a kan tuwo. Ran nan na ji kunyarsa. Yau ta ƙare."

Ya buga mini gindin bindiga a baki. Na faɗi, ya ƙara mini biyu a haƙarƙari da ƙafa. Shi da kansa ya yanke lalitar, ya tuɓe mini riga da hula da takalma. Ban ga idonsa ba, rawani ya rufe. Abin da na gani ina kwance shi ne mutanensa. Sun daina aikinsu. Ɗaya yana riƙe da lalitar wani a hannu ya tsaya cak, ya dubi na kusa da shi, wancan ma ya dube shi.

Haƙora biyu na bari a wurin, da haƙarƙari ɗaya a karye. A mota wan mahaucin ne ya dawo gaba ya ɗora kaina a cinyarsa, ya yage rawaninsa ya toshe mini baki. Yana ta cewa, "Sannu, Alhaji. Ka yafe mini, Alhaji." Na kasa amsawa saboda jini, kuma hakan ya fi mini sauƙi.

Kwana takwas na yi a asibiti, tike kaf ta zo. Sarkin tike ya zauna a bakin gado ya ce, "Allah ya wanke ka." Mahauta suka kawo farfesu suka cinye a gabana, suna cewa maganin zargina ya tashi aiki, Alhaji yanzu sai kunu. Kafin a sallame ni an gaya mini baƙi biyu suna jirana a zaure.

Shi kuwa bai ƙara sati uku a duniya ba. Mutanensa suka watse, wasu suka tsallaka iyaka, wasu suka bi wani shugaban. Ɗaya daga cikinsu ya je wurin maharban wani ƙauye ya gaya musu rijiyar da yake zuwa shan ruwa. Da hantsi wani tsohon maharbi ya harbe shi da bindigar toka wadda aka ɗura wa guntayen ƙarfe, harbi ɗaya. Wasu sun ce bindigarsa tana hannunsa bai ɗaga ta ba. Wasu sun ce ya ɗaga ta ƙi tashi. Abin da aka haɗu a kansa shi ne ba a sami laya ko ɗaya a jikinsa ba.

Ranar kasuwa aka kawo gawar aka ajiye a bakin titi kusa da tike, don mutane su gani su yarda. Jandarma suna neman wanda zai shaida shi, sai kowa ya ce a kira Alhaji. Na zo ina dafe da haƙarƙari, mutane suna buɗa mini hanya, wasu suna dafa kafaɗata. An kwantar da shi a kan buhu, ƙudaje sun rufe shi. Ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Babban jandarman ya yi magana da Faransanci, wani ya mayar mini da Fillanci.

"Ka san shi?"

"Na san shi."

"Shi ne?"

"Shi ne."

Aka rubuta, na dangwala yatsa. Jama'a suka kaure da surutu, wani yana cewa ina ruwan da harsashi ke zama, wani ya tofa yawu. Rana tana ta hawa.

Musulmi ne, ko me ya aikata. Wanka da salla da rami hakkinsa ne a kanmu duka, in ba wanda ya yi kowa ya ɗauki laifi, kuma ba wanda ke wurin da bai san haka ba. Limamin masallacin tike yana tsaye yana kallon ƙasa. Da mutum ɗaya mai mutunci ya ce a yi masa sutura, da uku ko huɗu sun bi bayansa, jandarma ma ba su hana ba. Kuma duk wurin ba wanda maganar ta fi kamata da shi kamar ni, tunda ya ci abinci a gidana. Na tsaya na auna. Wanda aka yi wa irin wannan duka sati uku da suka wuce, in aka gan shi yana wanke wanda ya dake shi, wasu za su ce imani ne. Amma a rumfa akwai wanda zai yi shiru ya fara lissafa kwanaki, ya tuna cewa an taɓa ganina na sauka a ƙaramar gada ni kaɗai. Mutum ɗaya ya isa.

Na juya zan tafi sai na ga goggonsa. Tana zaune nesa kaɗan a gindin katanga, ƙwaryar nono a gabanta, ba ta kuka. Dole ta gabanta zan wuce. Da na zo daidai da ita ta ɗago hannu kaɗan, ta ce a hankali, "Maigida, likkafani."

Mutane biyar ko shida suna biye da ni, har da wan mahaucin. Ban tsaya ba. Na ce, da muryar da kowa zai ji, irin wadda ake sallamar mai bara, "Allah ya ba da haƙuri, Inna." Na wuce.

Bayan la'asar ma'aikatan gari suka zo da mota suka ɗauke shi. Ban tambayi inda suka kai shi ba, kuma har yau ban sani ba.

Na ƙara shekara ashirin da ɗaya a tike kafin gwiwoyina su zaunar da ni. Na aurar da 'ya'yana da wannan sana'a, ɗaya yana Marwa a unguwar Dugoi, ɗaya yana sayar da babura a Mokolo, ba wanda ya gaji dillanci a cikinsu kuma ban matsa musu ba. A duk shekarun nan ba wanda ya sake rage murya don na iso. Tsohuwar ta daina kawo nono unguwarmu. Matata ta tambaye ni dalili sau ɗaya, na ce mata wataƙila hanya ce ta yi mata nisa.